Sawun Taya a Bayan Tarin Ciyawa

Ranar Juma'a wuta ta tashi a Rijiyar Kalgo, daidai lokacin da mazan garin suke garin Droum wajen sallah. Mata da tsofaffi suka yi ta watsa ƙasa da ƙorai, don ruwan da ke rijiya ko na sha bai isa ba. Kafin maza su dawo, tarin ciyawar gari ya zama toka.

Wanda bai ga shekarar ba zai ce ai ciyawa ce kawai. Daminar 2009 ta ɗauke tun gero bai yi ido ba, kuma a bazarar da ta biyo baya dabbobi suka dinga faɗuwa a bakin hanya. Mutanen Rijiyar Kalgo suka haɗa kai, kowa ya kawo abin da ya tsira da shi: karan gero, harawar gyaɗa, busasshiyar ciyawar da aka yi kwana biyu a kan jaki kafin a samo. Suka tara a bayan gari suka kewaye da ƙaya. Da ita ake riƙe ran shanun huɗa goma sha tara da suka rage, su ne dukan abin da garin ya dogara da shi in Allah ya kawo ruwa.

Ba a daɗe ana neman mai laifi ba. Akwai Mai Nasara, wanda bijimansa biyu suka mutu tun kafin a yi tarin. Ya roƙi a ba shi rabo saboda akuyarsa, aka hana shi, ya tsaya ƙofar mai gari ya ce Allah ya sa kowa ya ɗanɗani abin da ya ɗanɗana. Ranar gobarar bai je masallaci ba. Da aka shiga ɗakinsa aka tarar da damin harawa a bayan tukunyar ruwa. Samari suka rufe shi da sanduna, aka ɗaure shi a zauren mai gari, aka ce ran Litinin za a kira jandarma.

Washegari da sassafe matarsa Hajara ta taka har Droum, ta yi sallama a ƙofar Ɗan Azumi mai bin sawu.

Shekara arba'in Ɗan Azumi ya yi yana bin sawun ɓarayin shanu, daga nan har kan iyaka. Bana ba wanda ya neme shi. Ba a satar saniyar da ba ta iya tashi. Ya saurari matar har ta gama, idonsa a kan ƙafafunta da suka tsattsage.

"Shi ya sa wutar?"

"Baba, harawar dai ya ɗauka. 'Yarmu nonon akuyar nan kaɗai take sha. Amma wuta, wallahi ba shi ba ne."

"In na tarar shi ne, haka zan faɗa. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ya ɗauki sandarsa da gorar ruwa, suka kama hanya.

*

Mai gari Tahiru dattijo ne dogo, mai tsaftar riga ko a irin wannan shekara. Ya karɓi baƙon da mutunci, amma fuska ba walwala.

"Wahala kawai ka sha, Ɗan Azumi. Magana ta riga ta fito fili."

"Ranka ya daɗe, in ta fito, dubawa ba za ta ɓata ta ba. Ban da shi, wa ya rage a gari jiya?"

"Mata da yara da marasa ƙarfi."

"Akwai wanda ya bar gari?"

Mai gari ya kawar da kai. "Surukata Fanta, matar ɗana da ke Libiya. Ta ɗauki ɗanta ta tafi ganin gida Damagaram, ko sallama ba ta yi min ba. Halin yaran yanzu."

"Yunwa ce ta kore ta?"

"Babu yunwa a gidana," in ji mai gari, muryarsa ta ɗaga. "Babu ita a garin nan. Ƙarancin cimaka ne, kuma ba yau muka fara gani ba."

Ɗan Azumi bai ja maganar ba. Ya tambaya ko wata mota ta shigo kwanan nan, aka ce rabon garin da mota tun zuwan masu rigakafi, wata biyu ke nan.

A cikin zaure Mai Nasara na jingine da bango, igiya a ƙafa, hannun dama ya kumbura ya yi kamar taɓarya. Leɓensa ya bushe. Ɗan Azumi ya ba shi ruwa daga gorarsa, ya tsuguna ya kama tafin ƙafarsa yana dubawa. Babban yatsan hagu a karkace yake.

"Yaushe ka je?"

"Da hantsi, bayan sun fita. Ta gabas na shiga, inda ƙayar ta yi sako-sako."

"Ka ɗauki ashana?"

"Baba, wata uku ban ga taba ba. Me zan yi da ashana?"

"Kai ka ce su ɗanɗani abin da ka ɗanɗana."

Mai Nasara ya sunkuyar da kai. "Na faɗa. Baki ne ya faɗa."

*

Wajen gobarar an tattake shi, ƙafar mata da ta yara a kan juna. Ɗan Azumi ya bar tsakiya ya dinga zagayawa daga nesa. Ta gabas ya sami yatsan nan karkatacce: sawun zuwa marar nauyi, na komawa ya nutse saboda kaya, kuma taku ne na wanda ba ya gudu. Ƙadangare ya ratsa ta kai, sannan toka ta sauka ta rufe duka. Mutumin ya daɗe da tafiya kafin hayaƙi ya tashi.

Sai ya duba turakun da suka riƙe ƙayar. Duk ta fuskar yamma suka fi cinyewa. Daga yamma wutar ta taso, kuma daga wajen shinge, inda iska ta baza guntayen kara da ciyawa a ƙasa.

A nan ya ga sawun wani mutum mai sanda, takalminsa na fata, ya nufi daji. Mutanen da ke biye da shi suka fara cewa ashe su biyu ne, ashe da Bafulatani a ciki. Ɗan Azumi ya bi sawun shi kaɗai har rana ta take, ya iske wani makiyayi zaune ƙarƙashin aduwa, shanu huɗu kwance kewaye da shi, ɗaya ƙuda sun riga sun taru a idonta.

"Na je," in ji makiyayin. "Hayaƙi na hango, na ce ko zan taimaka. Da na ga yawan abin da ya ƙone sai na juyo. Na san in aka gan ni a wurin, ni ne."

Gaskiya ya faɗa. Sawunsa a kan toka yake, ba a ƙarƙashinta ba. Ɗan Azumi ya dawo da la'asar, gwiwoyinsa na ciwo, hannu wofi.

Bukka ta ƙarshe ta yamma da gari ta wata makauniya ce, Kaka Ladi. Ya tarar da ita tana tsinke ganyen tafasa busasshe a cikin faifai. Ya gaisheta ya zauna.

"Kaka, jiya me kika ji?"

"Kai ne na farko da ya tambaya." Ta ci gaba da aikinta. "Mota na ji. Ba ta shigo gari ba, ta zagayo ta baya ta tsaya can jikin ciyawa. Ba a kashe ta ba. Tana ta tari tana shaƙewa kamar tsohon jaki, har na gama jan carbi na sake. Ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai."

"Muryar wa kika ji?"

Hannunta ya tsaya. "Kukan yaro na ji. Irin kukan da ba ya fita sosai."

"Ɗan wa?"

"Ni makauniya ce, ɗan nan. Kuma a garin nan nake cin tuwo, in an samu."

Ya koma yamma da shingen, ya wuce inda aka tattake, ya ci gaba har taku ɗari. Rana ta karkata, inuwa ta fito da kowane ɗan rami a ƙasa. Ga shi nan: sawun taya huɗu na ƙaramar mota. Tayar baya ta hagu an yi mata faci, kowane juyi tana barin tabo kamar ɗinkin ƙwarya. Ya bi shi a sunkuye. Inda motar ta faɗa wani kwari ta yi tsalle, ya tsinci wasu guntaye uku masu ruwan toka, marasa nauyi, da ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma. Gefen ɗaya ya narke ya dunƙule. Bai taɓa ganin irinsu ba. Ya ƙulle su a bakin rawaninsa.

Da sawun ya hau babbar hanya, Damagaram ya nufa.

*

Ran Lahadi ya shiga motar 'yan kasuwa zuwa birnin Damagaram. Garaji biyu ya nuna guntayen, duka suka ce ya tafi wurin Gana a bayan tasha, shi ne mai akwatin da ke karanta ciwon mota.

Gana Babarbare ne kakkaura, mai tsagen fuska, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya juya guntun a tafinsa, ya shinshina.

"Baba, ina ka samo wannan?"

"A daji. Mene ne?"

"Cikin katalizar ne. Wata tukunya ce a jikin salansa, ƙarƙashin mota, ita ke tace hayaƙi. Motocin nan 'yan Kwatano duk suna da ita. Amma kafin ta narke haka, sai ta yi ja kamar ƙarfen maƙera."

"Me ke sa ta?"

Gana ya miƙa masa guntun. Ya dube shi, ya dubi wata mota ruwan toka da ke kan rami a ƙarshen rumfa, ya ce, "Zo ka gani."

Ya ɗauko akwatin, wanda su makanikai ke kira baliz, ya jona wayarsa ƙarƙashin sitiyari ya murɗa makulli. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban motar, rubutu ya fito a fuskar akwatin.

"Jiya aka kawo ta, wai fitilar nan ta ƙi mutuwa, kuma ba ta da ƙarfi. Ka ga wannan, P0423? Cewa take tukunyar ta daina aikinta. Wani zai karanta nan ya tsaya, ya ce a sauya tukunya. Amma tukunya ba ta mutuwa haka kawai, kashe ta ake yi. Dubi ta ƙasa, P0300. Wannan cewa take injin na tsallake wuta. Na kwance buji, wato fulogi, biyu sun mutu murus. To esansin, wato fetur ɗin da bai ƙone a inji ba, ina zai je? Sai ya gangara cikin tukunyar ya kama a can. In mota na gudu iska na ɗan sanyaya ta. In aka tsaya aka bar ta a kunne, shi ke nan."

"Tana wari?"

"Kamar ƙwan da ya lalace."

"In a kan busasshiyar ciyawa aka tsaya fa?"

Gana ya ajiye akwatin a hankali. Ya sauka ramin, ya sa hannu ƙarƙashin motar, ya zaro wani abu ya miƙo. Guntun karan gero ne, rabinsa gawayi.

"Tun jiya na gan shi," ya ce. "Ban kawo komai a raina ba. Me ya ƙone?"

Ɗan Azumi ya zagaya bayan motar ya tsuguna. Facin na nan a tayar hagu. Ya shafa shi da yatsa, sannan ya gaya wa Gana abin da ya ƙone, da wanda ke ɗaure.

"Innalillahi," in ji Gana. Ya zauna a bakin ramin. "Ta Inusa ce. Yaron kirki, fasinja yake ɗauka tsakanin nan da Mirriah. Ko tsayawa bai yi na gama dubawa ba, ya ce ɗan ƙanwarsa na kwance a likita."

"Sunan ƙanwar?"

"Fanta. A wani ƙauye take aure, wajen Droum."

Ɗan Azumi ya miƙe tsaye. Ya sha kama ɓarayi, kuma kowane lokaci yakan ji wani sanyi a ƙirji idan sawu ya kai shi ƙofar gida. Yau bai ji ba.

"Kai ni gidansu," ya ce.

Suka tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan, mutane zaune ana karɓar gaisuwa.

*

Ran Litinin da hantsi gari ya taru ƙofar mai gari. Aka fito da Mai Nasara aka zaunar a rana. Makiyayin ma samari sun je sun taso shi, yana tsaye gefe ba mai kallonsa. Hajara na cikin mata da 'yarta a baya. Ana jiran a aika Droum a kira jandarma sai ga a-kori-kurar Gana ta tsaya. Ɗan Azumi ya sauko, Gana na biye, sai wani saurayi siriri da jajayen idanu, sai Fanta lulluɓe da mayafi, bayanta ba goyo.

Ɗan Azumi bai zauna ba.

"Ranka ya daɗe, Mai Nasara ya ɗauki harawa, dami ɗaya, da hantsi, ta gabas. Wannan laifinsa ne. Wuta kuwa ta yamma ta taso, bayan ya daɗe da komawa gida. Wancan bawan Allah bayan gobara ya zo. Ku sake shi ya koma wurin shanunsa."

"To wa ya sa ta?" wani ya yi ihu daga baya.

"Ba wanda ya ƙyasta ashana."

Ya kwance bakin rawani ya zube guntayen a kan tabarmar mai gari, ya ɗora karan da ya ƙone a gefe. Gana ya yi bayani da Hausar da kowa zai gane: mota marar lafiya, tukunya a ƙarƙashinta da ta yi ja, busasshiyar ciyawa. Mutane suka fara gunaguni, don ba su ga motar kowa ba.

Saurayin ya matso gaba.

"Tawa ce. Ni ne Inusa, yayan Fanta. Ta aiko min cewa yaron ya daina cin komai, ƙafafunsa sun kumbura. Ta ce in zo ran Juma'a in maza sun fita, kada in shigo gari. Na ɓoye motar bayan ciyawa. Ban kashe ta ba don in ta mutu sai an tura. Wallahi da muka tashi ban ga hayaƙi ba."

"Yaushe ka ji labari?" in ji Ɗan Azumi, duk da ya san amsar.

"Ran Asabar, a tasha. Na ji an ce an kama wani. Na yi zargin ni ne. Na yi shiru."

Samarin da suka doki Mai Nasara suka zabura. Ɗan Azumi ya gitta sandarsa a gabansu.

"Kun riga kun karya hannu ɗaya a kan wannan magana. Bai ishe ku ba?"

Suka tsaya. Mai gari bai dubi Inusa ba, bai dubi guntayen ba. Bayan surukarsa yake kallo.

"Fanta, ina yaron?"

"Jiya da safe aka kai shi makwancinsa, Baba. A Damagaram."

Wata mata ta saki salati. Mai gari ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Me ya sa kika yi haka a ɓoye? Da kin tambaye ni..."

"Sau uku na tambaye ka." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka ce jikan mai gari ba zai shiga layin masu tamowa ba, mutane su ce gidanka ba abinci. Ka ce haƙori ne. Likita ta ce da mun zo kwana goma da suka wuce, da an yi wani abu."

Can wani tsoho ya tambaya, ba da kowa yake ba, "To yanzu wa za a ba jandarma?" Mai gari ya miƙe da kyar, ya je da kansa ya durƙusa gaban Mai Nasara yana kwance igiyar. Ƙullin ya ƙi, har sai da Gana ya kawo wuƙa.

Ɗan Azumi ya je kusa da Mai Nasara ya ce, "An wanke ka."

Mai Nasara ya dubi hannunsa da ke rataye. "Na gode, Baba. Da wanne zan riƙe hauya?"

*

Ba a kira jandarma ba. Inusa ya ce a ɗauki motar a sayar a sayi ciyawa, amma Gana ya ce a yadda take ba mai saye, kuma ko an saya, ciyawar da ke kasuwar Damagaram ba za ta riƙe shanun mako biyu ba. Ran Laraba mahauta suka zo daga birni da babbar mota. Wasu bijiman sai da aka ɗaga su da itace kafin su hau. Masu su suka tsaya suna kallo, wani dattijo ya bi motar da ƙafa har bakin hanya yana kiran sunan nasa.

Bayan kwana biyu Ɗan Azumi na zaune bakin kasuwar Droum sai ya hango su tafe. Mai Nasara a gaba, hannu ɗaure da tsinken kara da tsumma, Hajara da ƙullin kaya a ka da yarinya a baya. A bayansu akwai wasu gidaje uku na Rijiyar Kalgo, har da biyu daga cikin samarin da suka yi dukan, kowa da tabarmarsa a naɗe. Tare suke tafiya, ba mai yi wa wani magana.

Ya tashi ya tare su.

"Ina za ku?"

"Kudu," in ji Mai Nasara. "An ce Kano ana samun dako."

"Da hannu ɗaya?"

"Hajara za ta yi wanke-wanke."

"In ruwa ya sauka fa? Gonarka?"

Mai Nasara ya waiwaya ya dubi hanyar da suka fito.

"Ka gaya wa duk mai so ya shuka," ya ce.

Hajara ta durƙusa ta yi masa sallama, ta gyara goyonta, suka wuce.